Lurcher: Karen da mafarautan zomo ke ji da shi a Birtaniya

A karkarar Birtaniya, mafarautan zomo sun fi yarda da lurcher, kare ruwa-biyu da ake samu daga barbarar mai gudu, irin greyhound ko whippet, da mai basira ko naci, irin collie ko Bedlington.

Wurin farauta ne ke nuna irin da za a haɗa. Mai fita da fitila cikin dare a sarari yakan nemi jinin greyhound da collie. Mai bin shinge da ramuka kuwa, ɗan whippet ya fi masa, saboda saurin juyawarsa.

Sai dai dokar 2004 ta haramta farautar babban zomon daji da karnuka a Ingila da Wales. Ƙaramin zomon rami ne aka halatta, shi ma sai da izinin mai gona.