Adadi 4 294 967 297: siffofinsa da matsalar faɗarsa da Hausa

Asalin wannan adadi shi ne a ninka 2 da kansa har biyu-biyu 32 su jeru, sa'an nan a ƙara 1. Shi ne na shida a jerin da masanin lissafi na Faransa, Pierre de Fermat, ya tsara: 3, 5, 17, 257, 65 537. Waɗannan biyar duka gagara-rabo ne, wato ba abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu. A 1640 Fermat ya bayyana zatonsa cewa dukan jerin haka yake.

Gwajin farko yana goyon bayan wannan zato. Adadin ya ƙare da 7, saboda haka 2 da 5 ba su raba shi. Jimillar alƙalumansa goma 59 ce, don haka 3 ma ba ya raba shi. Amma a 1732 Leonhard Euler, mutumin Suwis, ya nuna cewa adadin daidai yake da 641 sau 6 700 417. Daga baya ya tabbatar da ƙa'idar da ke rage wahalar nema: duk gagara-rabon da zai raba wannan adadi, tilas ya zama ninkin 64 da ɗaya a kai. Irinsu kuwa su ne 193, 257, 449, 577, sa'an nan 641. Gwaji na biyar ke nan ya rushe zaton da ya daɗe shekara 92.

Ga rukunin da adadin ya faɗa. Mara ne, ba cika ba. Haɗaɗɗe ne, daga gagara-rabo biyu kawai. Masu raba shi huɗu ne: 1, 641, 6 700 417, da shi kansa. Jimillar ukun farko 6 701 059 ce, ba ta ko kusa da shi ba, shi ya sa ake lissafa shi cikin gajiyayyun adadi. Har yanzu ba a sami wani gagara-rabo cikin jerin ba bayan 65 537.

Ga ma'aikatan yaƙi da jahilci, wuyar tana wajen faɗa. A Nijar ana cewa miliyar 4, a Nijeriya biliyan 4, alhali biliyon na Faransanci ya ninka miliyar sau dubu. Sa'an nan "dubu ɗari tara da sittin da bakwai" na iya zama 967 000, yana kuma iya zama 900 067. Sakataren ƙungiyar manoma da ya rubuta ɗaya a madadin ɗaya ya yi kuren 66 933.

Ya kamata littattafan lissafi su tsai da suna guda ga kowane mataki, su raba alƙaluma uku-uku, su kuma maimaita kalmar dubu inda ake gudun ruɗani: dubu ɗari tara da dubu sittin da bakwai.