Zaren gilashi: yadda ake tsare haske a yi masa hanya

Manoman shinkafa na Kirkisoy, a ƙetaren gulbin Isa cikin birnin Yamai, sun san cewa ruwa ba ya isa gona sai an yi masa magudana mai gaɓa dama da hagu. To, haske ma an yi masa irin wannan magudana, kuma ta cikinta ne saƙon kuɗin ɗan kasuwa da wasiƙun ofisoshin gwamnati ke bi zuwa ƙasashen waje. Ita ce zaren gilashin da ake kira fibir optik.

Haske dai miƙe yake tafiya, ba ya shan kwana. Ƙaƙa ke nan ake sa shi bin zare mai lanƙwasa? Wanda ya taɓa nutso cikin ruwa garau, ba irin jan ruwan gulbi na damina ba, ya ga amsar. In ya ɗaga kai tsaye zai hangi sama, amma in ya dubi fuskar ruwan a karkace sai ya gan ta tamkar madubi, domin hasken da ya bugi iyakar ruwa da iska a kwance ba ya fita, dukansa ke komowa ciki. Tun 1842 wani masani na ƙasar Suwis, Daniel Colladon, ya bayyana yadda haske ke bin ruwan da ke tsartuwa daga tanki.

Zaren yana da gilashi iri biyu. Zuciyarsa kaurinta kashi 9 ne cikin dubu na milimita, rigar da ta lulluɓe ta kuma kashi 125, wato kusan kaurin gashin kai. Ana ɗan gauraya wa zuciyar sinadarin jarmaniyom don haske ya rage gudu cikinta. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma shi ne ganuwar: duk sa'ad da hasken ya taɓa rigar a kwance sai ya komo tsakiya. Babu madubi a ciki, robar waje kuwa kariya ce kurum daga laima da ƙarzuwa. In aka lanƙwasa zaren da yawa, hasken ya daina taɓa rigar a kwance, sai ya zurare.

Babbar wahala a da ita ce dattin gilashi mai shanye haske. A 1966 Charles Kao ya nuna cewa tace shi ne magani, kamfanin Corning na Amurka ya cimma haka a 1970. Yau haske kan yi kilomita 15 kafin rabinsa ya ɓace, yana gudun kilomita 200.000 a daƙiƙa.

Nijar ba ta da teku. Shi ya sa Sonitel, wadda aka haɗe da SahelCom a 2016 suka zama Niger Telecom, ta binne zare daga Yamai zuwa Doso da Gaya, don a sadu da babbar igiyar teku ta SAT-3 a Kwatano. Da igiyar ta lalace a watan Yuli na 2009, intanet ya yi rauni ƙwarai a Nijar, Benin, Togo da Najeriya.

A tudu kuma barazanar ita ce diga da motocin haƙa. Masu tone waya don neman tagulla wahalar banza suke sha, zaren ba ya da ita. Amma in ya tsinke ba a ɗaure shi kamar wayar lantarki: sai masu gyara sun zo da na'ura sun daidaita zukatan biyu baki da baki, sun narka su wuri ɗaya.