Gonakin Abuja na komawa rukunin gidaje

Duk wanda ya bi hanyar Lugbe zuwa Kuje a yau zai ga rukunin gidaje jere a wuraren da manoman Gbagyi suke noman doya da dawa a shekarun baya. Taswirar ginin Abuja da kamfanin International Planning Associates ya miƙa a 1979 ba haka ta tanada ba. Ta ware wa birnin kimanin murabba'in kilomita 250 daga cikin kusan 8,000 na yankin, ta kuma keɓe duwatsu da bakin rafuka daga gine-gine.

Tsadar haya ce ta kori ƙananan ma'aikata zuwa bayan gari, 'yan kasuwar gidaje kuma suka bi sawunsu da buldoza. A watan Yunin 2023 ambaliya ta mamaye rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe.

Bisa doka, ikon raba fili a yankin yana hannun Ministan Babban Birnin Tarayya, ba na hakimi ko ƙaramar hukuma ba, duk da cewa dillalai ba su fasa sayar da takardun bogi ba. Makomar gonakin Kwali da Abaji, inda har yanzu noma ke ciyar da gidaje, tana cikin fayilolin da jami'an FCDA da AGIS suke dubawa.