Makonni huɗu na jira: Yadda Kiristocin Lafiya ke shirin tarbar Kirsimeti

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, hazo ya lulluɓe garin Lafiya, akwai wani sauyi da ke faruwa a Majami'ar St. William, babbar majami'ar Katolika ta birnin, wanda baƙo zai lura da shi tun daga bakin ƙofa. Fada ya ajiye koren tufafin da ya shafe watanni yana sanyawa, ya ɗauki na shunayya. An rage furannin da ke ƙawata bagade. A gefe kuma ga kyandir huɗu a jere, amma guda ɗaya kaɗai ke ci.

Wannan ita ce alamar shigowar lokacin da ake kira Adbent, kalmar da ta samo asali daga Latin, ma'anarta “zuwa”. Yana farawa ne a ranar Lahadin da ta fi kusa da 30 ga Nuwamba, ya ɗauki Lahadi huɗu, ya ƙare a jajiberin Kirsimeti. Da shi ne kuma sabuwar shekarar ibada ke farawa a wurin Katolika da Angilika.

Ga Katolikan Lafiya, lokacin yana da wani tarihi na musamman. A ranar 5 ga Disamba, 2000, wato cikin makon farko na Adbent na wannan shekarar, Fafaroma John Paul na Biyu ya kafa Dayosis ɗin Lafiya, shekara huɗu bayan ƙirƙiro Jihar Nasarawa. Bishop Matthew Ishaya Audu ne ya fara jagorantarsa, har zuwa 2020 da aka ɗaga shi zuwa Babban Bishop na Jos. A 2021 Bishop David Ajang ya gaje shi.

Murna mai linzami

Abin da ya bambanta Adbent da Kirsimeti shi ne, ana jan linzamin murna da gangan. A Misar ranar Lahadi ana jingine waƙar ɗaukaka da aka saba rerawa, ba za a sake jin ta a ranakun Lahadi ba sai Kirsimeti ya zo. Karatun da ake yi yakan karkata ga Annabi Ishaya da Yohanna Mai Baftisma, masu kira zuwa ga tuba da gyaran hali. Layin masu zuwa furta zunubi yakan yi tsawo, kuma akan ƙarfafa waɗanda ke gaba da juna su sasanta kafin ranar idi.

Sai a Lahadi ta uku ake ɗan sassautawa. Sunanta Gaudete, wato “ku yi murna”. A ranar akan kunna kyandir mai ruwan hoda, domin tunatar da jama'a cewa an ci fiye da rabin tafiyar. Darasin a fili yake: murnar da aka jira ta fi wadda aka yi gaggawarta daɗi. Bahaushe ma ya ce mahaƙurci mawadaci.

Inda aikin yake

Wanda ke son ganin ainihin rayuwar ikilisiya a wannan lokaci, ya leƙa harabar majami'a da yammacin ranakun mako. A nan ƙungiyar mawaƙa ke bitar waƙoƙin Kirsimeti. Lafiya gari ne na harsuna da yawa, akwai Eggon da Alago da Migili da Gwandara da Tibi da Ibo, don haka akan ji waƙa da harsuna daban-daban, amma Hausa ce ke haɗa mafi yawansu. Zumuntar Mata, da ankonsu da tulun kiɗansu da caki, su ne ƙashin bayan hidima: su ne masu shara, masu girki, masu ziyarar marasa lafiya da gwauraye. Matasa na shirya wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu, katikis kuma na koyar da masu shirin baftisma.

A ƙauyukan da Fada ba ya samun zuwa kowane mako, katikis ne ke riƙe da jama'a, shi ke jagorantar addu'a har ranar da za a kawo musu Misa.

Ba Katolika kaɗai ke wannan shiri ba. Angilika na da ibadar karatu tara da waƙoƙi, al'adar da ta faro a garin Truro na Ingila a 1880. Majami'ar ERCC, mai hedikwata a Alushi, wadda ke da tushe mai zurfi a jihar, ita ma ƙungiyoyinta na mata da mawaƙa ba sa hutawa a watan Disamba.

Kaka da baƙin da suka rasa gona

Lokacin ya zo daidai da kaka. Nasarawa ƙasar doya ce da riɗi da agushi da shinkafa, kuma a watannin ƙarshen shekara ne majami'u ke bikin godiyar kaka, inda iyalai ke shigowa da rawa ɗauke da doya, buhun hatsi, kaji ko akuya. Akan yi gwanjon kayan, kuɗin ya tafi ga gini da sauran hidimomi, wani kaso kuma ga mabuƙata.

Sai dai ba kowa ke da abin kawowa ba. A 2018, hare-hare a ƙananan hukumomin Awe da Keana da Obi da Doma sun raba dubban manoma da gidajensu, kuma rikicin manoma da makiyaya bai gushe ba a kudancin jihar. Wasu daga cikin waɗanda suka tsere sun sami mafaka wurin dangi a Lafiya. Mutumin da a da yake shiga majami'a da doya a ka, yau yana zaune a benci na baya hannu rabbana. Ga kuma tsadar rayuwa da ta ƙaru tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wadda ta sa kuɗin mota zuwa gida da ɗinkin yara suka zama abin lissafi.

A nan ne ake gwada murnar da ake wa'azinta. Ƙungiyoyi irin su St. Vincent de Paul, wadda aka kafa a birnin Paris a 1833 domin taimakon matalauta, kan tara mudun shinkafa da atamfa da sabulu, su kai wa gidajen da suka san tukunya ba za ta hau wuta ba. Ana yin hakan ba tare da shela ba, don kare mutuncin mai karɓa.

Kwano ya tsallaka katanga

Lafiya gari ne na sarauta, inda fadar Sarki Sidi Bage Muhammad, tsohon Alƙalin Kotun Ƙoli, take a tsakiyar birni, kuma ba abin mamaki ba ne a sami Musulmi da Kirista a zuri'a ɗaya, musamman a tsakanin Eggon. Telan da ke kwana kan keke don kammala ɗinkin Kirsimeti sau da yawa Musulmi ne, haka ma mahaucin da za a kira ya yanka akuya, domin maƙwabta su ci hankali kwance. Kwanon da ya shigo da naman Sallah, shi ne zai koma da shinkafar Kirsimeti.

Ranar Lahadi ta huɗu, kyandir huɗun nan duk za su kama wuta. Kafin nan, mawaƙa na da sauran bita, Zumuntar Mata kuma na da sauran gidajen da ba su kai ziyara ba.