Ina Kwafin Firojet Ɗinka Yake?

'Yan'uwana 'yan ajin ƙarshe, lokacin firojet ya zo, kuma yawancinmu babi biyar ɗin nan a laftof ɗaya ko filash ɗaya suke. Ga zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙura, ga wutar da ake ɗaukewa ba sallama, ga bairos na shagon buga takardu. Ɗaya daga cikinsu ya isa ya cinye aikin wata shida.

Maganin da nake so in bayyana shi ne ajiye kwafi a saba. Duk wanda ya zauna JAMB tun daga 2015 ya ga irin tsarin: kwamfutocin ɗaki duka a jone da kebul zuwa babbar kwamfuta guda. To, haka abin yake. A ware kwamfuta ɗaya mai faɗin ma'aji, ko tsohuwa ce, a haɗa ta da sauran ta suwic ko rauta. Ba a bukatar intanet, ba a ƙona data ko ta naira ɗaya.

Daga nan sai manhaja. Windows na da File History, masu Linux kuma na da rsync, wadda aka fitar kyauta tun 1996. Karon farko takan kwashe komai. Bayan haka abin da ya canza kawai take ɗauka, shi ya sa ba ta cin lokaci. In an saita ta tana riƙe kwafin kwanakin baya, ko ka goge babi na uku ranar Laraba, na Talata yana nan.

Amma fa saba ba ta isa ita kaɗai ba. A garinmu Lambara, manomi ba ya zuba irin shuka duka a rumbu ɗaya, don gobara ba ta zaɓe. A Mayun 2017, bairos ɗin WannaCry ya bi ta haɗin kwamfutoci ya kulle na asibitocin Ingila da dama. Don haka masana ke cewa 3-2-1: kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban.

Sannan a riƙa gwadawa. Duk mako a ciro fayil ɗaya daga saba a buɗe, a ga ko yana aiki.

Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta nemi a ware mana saba guda a ɗakin kwamfuta, kowa da foldarsa da lambar sirrinsa. Kafin nan, ka tura wa kanka kwafi ta imel yau ɗin nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.