Kasuwar Katako: Inda mai tallar ƙwaya ya riga likita ganin marar lafiya

Tun da sanyin safiya ƙarar guduma ke tashi a kasuwar Katako da ke birnin Yamai. Masu ƙira na narka alminiyam suna zuba tukwane, wasu na yanka tsofaffin ganguna, 'yan dako kuma na sauke siminti da katako da buhunan hatsi. Aiki ne na ƙarfi, kuma wanda bai fito ba ranar, bai samu na cefane ba.

Shi ya sa idan kai ya sara ko jiki ya yi zafi, kaɗan ne ke rufe rumfa su tafi asibiti. Mafi sauƙi shi ne a tsayar da mai yawo da magunguna a tire, a sayi ƙwaya biyu ko uku a haɗiye, a koma bakin aiki. Ga mutane da yawa a nan, mai tallar ne ke fara jin kukan marar lafiya, alhali bai auna kowa ba, kuma gobe ba lallai a sake ganinsa ba.

Mene ne aikin likitan iyali?

Likitan iyali shi ne wanda ake fara zuwa wajensa da kowace irin larura, kuma ake komawa wajensa shekara da shekaru. Ya san maigida da uwargida da yara, ya san ciwon da ake gado a gidan, yana da tarihin kowa a rubuce. Yakan yi maganin abin da zai iya, ya tura mutum wajen ƙwararre idan abin ya wuce ƙarfinsa, sannan ya bi sawu.

'Yan ci-rani sun san tsarin. A Ingila kowa na yin rajista da asibitin likitan unguwarsa, a Faransa kuma dokar 2004 ta sa kowane baligi ya zaɓi likitansa na dindindin. A Najeriya ma ana horar da ƙwararru a wannan fanni, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashensa.

A Nijar, inda likitoci suka yi ƙaranci ƙwarai, wannan nauyi ya fi faɗawa kan ƙananan asibitocin unguwa da ake kira CSI, waɗanda galibi malaman jinya da ungozomomi ke riƙe da su. Tsarin ƙasar hawa-hawa ne: daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa CSI, sai asibitin gunduma, sai na jiha, kafin manyan asibitoci irin Asibitin Ƙasa na Yamai da na Lamorde, da Babban Asibitin Ƙwararru da aka buɗe a 2016. Wanda ya tsallake matakin farko yakan isa na ƙarshe ne bayan ciwo ya ci jiki.

Cututtukan da ba sa sallama

Hawan jini shi ne babban misali. Mutum na iya shekaru da shi yana dako lafiya lau, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kusan rabin manyan da ke ɗauke da shi ba su san suna da shi ba. Awonsa bai wuce minti biyar ba, kuma idan ya riƙa kai 140 bisa 90 ko ya haura, ana buƙatar kulawa. Ƙwayar ciwon kai ba ta saukar da shi, wasu magungunan ciwon jiki ma ƙara shi suke yi, suna kuma yi wa ƙoda lahani.

Mai sana'ar ƙarfe kuma yana da nasa haɗarin. Yankan tsohon kwano ko sukar ƙusa na iya shigar da cutar tetanus mai sandarar da jiki, wadda allurar rigakafi ke tarewa. Mai tire ba zai tambayi kowa yaushe ya yi allurar ba.

Akwai kuma batun ingancin maganin kansa. A 2017 WHO ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. A 2015, lokacin annobar sanƙarau da ta addabi Yamai, hukumar ta yi gargaɗi kan jabun allurar rigakafin cutar da aka gano a Nijar.

Kuɗi da lokaci

Ba taurin kai ne kawai ke hana mutane zuwa asibiti ba. Akwai dogon layi, da kuɗin takarda, da na awo, da cinikin wuni guda da za a rasa. Hukumomi sun rage wani ɓangare na nauyin: tun 2006 doka ta sa kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki su zama kyauta, ko da yake jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sha jawo yankewar magani. A 2024 kuma gwamnati ta sanar da rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocinta. Sai dai ragin kuɗi bai samar wa magidanci wanda ya san tarihin lafiyarsa ba.

Abin da iyali za su iya yi

Kafin a kai ga kowane gida da likitansa, akwai abin da ke hannun jama'a. A zaɓi CSI guda mafi kusa da gida a riƙa komawa can, har ma'aikatan su san fuskokin 'yan gidan. A adana karnen asibiti na kowa, a tafi da shi duk zuwa. Zazzaɓi ya zo, a yi gwajin maleriya kafin a sha magani. Da damina, a bari yara su karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida duk wata. Manya kuma su auna jini ko da sau ɗaya a shekara.

Ga waɗanda ke aiko da kuɗi daga Abija ko Legas ko Turai, an saba sai an kwantar da tsoho ake buga musu waya. Jaka kaɗan da za a ware don awon jini da na suga, da sayen maganin wata-wata a farmasi mai lasisi, ba su kai kuɗin kwana ɗaya a gadon babban asibiti ba. Idan an kira gida a wannan mako, bayan gaisuwa, a tambayi Baba da Inna yaushe rabon da a auna jininsu, kuma nawa awon ya nuna.