Suna Linzami: Me Ke Sa Mutum Ya Zama Mai Laifi?

Harshe na karanta, kuma shi nake koyarwa a jami'a. Abin da ya ja ni fagen masana ilimin laifuffuka wani yaro ne a unguwarmu, wanda aka kama yana ɗan shekara 13 ya ɗebi kuɗin ciniki a shagon maƙwabci. Tun daga ranar sunansa na yanka ya ɓace, kowa "Ɓarawo" yake ce masa. Iyaye suka hana 'ya'yansu hulɗa da shi, telan da ke koya masa ɗinki ya sallame shi, bayan 'yan shekaru sai ga shi cikin 'yan daba. Shin halinsa ne ya jawo masa sunan, ko kuwa sunan ne ya ja shi zuwa halin?

Da na bi sawun masana sai na tarar kusan kowane ra'ayi nasu yana da ɗan'uwa a karin maganar Hausa. A 1876 wani likita ɗan Italiya, Cesare Lombroso, ya ce da laifi ake haihuwar mutum, har ana iya gane shi ta siffar muƙamuƙi da kunnuwa, wato barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma a 1913 Charles Goring na Ingila ya gwada fursunoni kimanin 3,000 da sojoji da ɗaliban jami'a, bai sami wata siffa da ta keɓanta da masu laifi ba.

Daga nan hankali ya koma kan al'umma. A 1938 Robert Merton na Amurka ya nuna cewa idan al'umma ta kwaɗaita wa kowa dukiya, sannan ta toshe wa mafi yawa hanyar samunta ta halas, to wasu za su bi ta ɓarauniyar hanya. Edwin Sutherland kuwa a 1939 cewa ya yi laifi koyonsa ake yi wajen abokan zama, kamar kowace sana'a. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Shi ne kuma ya jawo hankali ga laifin manya masu ofis, abin da ya nuna talauci kaɗai bai isa hujja ba. A 1979 Lawrence Cohen da Marcus Felson suka ƙara da cewa laifi na aukuwa ne idan mai niyya ya haɗu da abin sha'awa babu mai tsaro. In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari.

Ra'ayin da ya fi taɓa ni shi ne wanda Howard Becker ya fito da shi a 1963: laƙabin da jama'a ke liƙa wa mutum yana iya tabbatar da shi a kan laifin, domin idan kowa ya guje shi, ba ya da sauran abokai sai masu irin sunansa. Mai karatu ya duba bambancin "ya saci kuɗi" da "ɓarawo ne". Jimla ta farko tana ɗauke da aikatau da lokaci, aiki ne da ya faru ya wuce. Ta biyu ba ta da lokaci, hukunci ce ta har abada. Kuma ba kowa muke yanke wa ita ba: wanda ya wawure dukiyar jama'a mukan ce "ya yi almundahana", gobe a ba shi kujerar gaba a wurin taro.

Ba ina cewa a bar mai laifi ya sha ba. Tun 1764 Cesare Beccaria ya bayyana cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana ɓarna. A hukunta yaro gwargwadon abin da ya aikata, sannan a mayar masa da sunansa da gurbinsa a shago ko a aji. Kirana ga iyaye da malamai da 'yan jarida shi ne su auna kalma kafin su furta, domin magana zarar bunu ce. Yaron unguwarmu har yau bakina bai daina kiransa da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa ba, kuma duk lokacin da na kira, sai ya waiwayo ya rusuna.